Ƙararrawa Ko Murya? Muhawara Kan Na'urar Magana Lokacin Gobara

Mai Gini a Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin masu ilimin lantarki da waɗanda suka taɓa aikin kashe gobara. Ina gina bene a Mabera, nan Sakkwato: ƙasa shaguna, hawa na farko ofisoshi da wani ɗan ƙaramin wurin gwajin jini da za a kama haya, hawa biyu na sama ɗakunan kwana. An kai ga aikin waya. Yaron da ke duba mini aikin ya kawo lissafi, ban da ƙararrawa da na'urorin jin hayaƙi ya ƙara abu biyu. Lasifiku a kowane hawa, da za su yi magana in wuta ta tashi, sai wasu ƙananan akwatuna a bakin matakala, wai mutum ya danna ya yi magana da na ƙasa. Kuɗin ya wuce abin da na ware nesa ba kusa ba. Ba na son in yi rowa da ran mutane, ba na kuma son a sayar mini da kayan ƙawa. Ƙararrawa kaɗai ba ta isa ba?

Ɗan Babbar Kasuwa:
Wa alaikumussalam Alhaji. Ni dai in ka bi tawa, kuɗin ga ka sa su ga tukwanen kashe wuta da tankin ruwa. Mu da gobara tac ci shagunanmu babbar kasuwa watan Janairun 2021, ba rashin jin labari ad damuwarmu ba. Kowa ya ji, kowa ya gani, hayaƙi tun daga nesa aka hangen shi. Tsaye munka yi muna kallon dukiya tana tahiya. Lasifika ba ta kashe wuta.

Baba Kwana-kwana:
Allah ya mayar muku da alheri, ɗana. Maganarka gaskiya ce, lasifika ba ta kashe wuta. Amma ba don wuta ake sa ta ba, don mutane ake sa ta. Kasuwa fili ce, ko ta ina ka juya akwai layin da za ka bi, sama kuma a buɗe take, hayaƙi yana tashi ya tafi. Bene ba haka yake ba. Wuta in ta kama shagon ƙasa, matakalar nan guda ita ce hanyar mutane, ita ce kuma hanyar hayaƙi. Zuƙar shi take yi kamar bututu ta kai sama. A shekarun da na yi ina wannan aiki, yawancin waɗanda muka fito da su babu rai ba ƙuna ce ta kashe su ba, hayaƙi ne. Za ka tarar da mutum jikinsa lafiya lau, ko tufarsa ba ta taɓu ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuma, sau nawa muka iso gini ƙararrawa tana ta kuka, mutane na zaune. Wannan yana rufe lissafi, waccan ta koma ɗauko jaka, wani ya leƙo yana tambayar mai gadi ko gwaji ake yi. Ƙararrawa abu ɗaya ta iya faɗi: akwai wani abu. Ba ta ce maka ina ne, ba ta ce maka bi nan, kar ka bi can.

Injiniya:
Baba ya gama magana, ni bayani kawai zan ƙara. Alhaji, abu biyun da aka rubuta maka aikinsu daban ne, kada a haɗe maka su.

Lasifikun nan magana ce mai tafiya hanya ɗaya. Na'urar jin hayaƙi tana ganowa, sai saƙon da aka naɗa tun farko ya fita da kansa, kuma akwai makirfo da mai kula da gini ko shugaban 'yan kwana-kwana zai ɗauka ya yi magana kai tsaye. Ana iya raba ginin shiyya-shiyya, a ce wa hawan da wutar take da na samansa su fita yanzu, sauran su shirya, don kada kowa ya afka wa matakala lokaci guda.

Akwatunan bakin matakala kuwa magana ce ta kai da komowa, kuma iri biyu ne. Akwai mai kan tarho, galibi ja, na 'yan kwana-kwana da masu kula da gini, domin oba-oba takan yi gardama a cikin matakalar kankare da ƙarƙashin ƙasa. Akwai mai maɓalli kawai, wanda ake sa wa a wurin fakewa don wanda ba ya iya sauka da ƙafarsa. Dukkansu suna komawa ga uwar na'ura a ƙasa kusa da ƙofar shiga, tana nuna daga wane hawa aka kira.

Kuma zancen cewa murya ta fi ƙararrawa ba ra'ayi ba ne, an gwada. A Ingila, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Monument da ke Newcastle, masu bincike biyu, Proulx da Sime, sun yi gwajin fitar da fasinjoji ba tare da an sanar da su ba, suka wallafa sakamakon a 1991. Da aka kaɗa ƙararrawa kaɗai, mutane suka ci gaba da tsayuwar jiran jirgi, mintuna suna wucewa. Da aka yi musu magana ta lasifika aka faɗi inda wutar take da hanyar da za su bi, nan da nan suka kama hanya.

Mai Sayar da Waya, Titin Ahmadu Bello:
Yallaɓai Injiniya, da girmamawa, wannan ai zancen 1991 ne. Yau wa ba shi da waya a aljihu? A buɗe wa masu haya zaure a WhatsApp, a liƙa lambar mai gadi a kowane hawa, ga kuma 112. Shi ke nan an huta da jan waya.

Malamar Jinya:
Ƙanena, ƙarfe biyun dare wa ke duba WhatsApp? Baƙon da ya zo gwajin jini yau da safe yana cikin zauren naku? Mai gadin kuma kira nawa zai ɗauka a lokaci guda?

Injiniya:
Anti ta riga ni. Ka duba Grenfell a Landan, 14 ga Yunin 2017. Bene mai hawa 24, wuta ta tashi daga firji a wani gida a hawa na huɗu, mutum 72 suka rasu. Mutanen ciki suna da wayoyi, sun yi ta kira. Shawarar da ake ba su da farko ita ce kowa ya zauna a gidansa, don haka aka tsara ginin. Sai da aka yi kusan awa biyu aka sauya shawara aka ce kowa ya fita. To ta yaya za a gaya wa kowa? Babu wata hanya ta yin magana da ginin gaba ɗaya. Sai wanda ya sake kira ya ji, ko wanda ɗan kwana-kwana ya kai ga ƙofarsa. Kwamitin da ya binciki lamarin ya ba da shawarar a riƙa sa wa dogayen gidaje na'urar da 'yan kwana-kwana za su iya ba da umarnin fita da ita. Waya tana haɗa mutum ɗaya da mutum ɗaya. A gobara mutum ɗaya ne ke buƙatar ɗari su ji shi.

Mai Sayar da Waya, Titin Ahmadu Bello:
Na karɓi wannan. Amma hawa 24 ina, ginin Alhaji ina.

Mai Keken Guragu:
Bari in amsa maka, don ni abin ya shafa. Hawa ɗaya ma a wurina daidai yake da 24.

Shekarun baya na je wani ofis karɓar takarda, a hawa na biyu. Mutum biyu suka ɗauke ni da kekena suka hau da ni, suka koma harkarsu. Ina cikin jira sai warin ƙonewar waya ya cika wurin, wani ya yi ihu, kafin ka ce kwabo kowa ya sauka. Ba mugunta ba ce, kowa ta kansa yake yi. Na tura kekena zuwa bakin matakala na tsaya. Ina jin hayaniyarsu a ƙasa, su ba sa jina. Waya na hannuna, amma wa zan kira a ginin da ban san kowa ba? Na kira ƙanena yana Arkilla, me zai yi mini daga can? Allah ya taƙaita, soket ne ya ƙone aka kashe. Amma mintunan nan ban taɓa mantawa da su ba. Ba wutar ce ta fi tsorata ni ba, sanin cewa babu wanda ya san ina nan ne.

Akwatin da ake gaya wa Alhaji, amfaninsa ke nan. In danna, wani ya ce mini mun ji ka, kana hawa na biyu, ga mu nan. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, mace mai tsohon ciki, wanda aka yi wa ɗori, duk ranar gobara layinmu ɗaya.

Mai Gini a Mabera:
Subhanallahi. Malam, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Allah ya ƙara kiyayewa.

Injiniya:
Amin. Sai dai akwati ba ya aiki shi kaɗai. Wurin fakewar dole ya zama wuri ne da bango da ƙofa masu jure wuta suka raba shi da sauran ginin, aƙalla na minti 30. A ƙa'idar Ingila filin keke ɗaya santimita 90 ne a 140, kuma ba zai tare wa masu sauka hanya ba. In matakalarka a buɗe take tun daga ƙasa har sama babu ƙofa, ka sa wa mutum akwati ne a tsakiyar hayaƙi. Kuma dole a san wa zai hau ya sauko da shi. Wurin jira ne na ɗan lokaci, ba wurin da za a bar mutum ba.

Malamar Jinya:
Mu a asibiti abin ya fi haka wuya. Wani yana kan iskar oksijin, wata ta fito daga tiyata ko awa ba ta yi ba, ga jarirai a kwalba. Ba a cewa kowa ya gudu. Abin da ake koya mana shi ne a fara matsar da marasa lafiya gefe, zuwa sashen da ke bayan ƙofa mai jure wuta a hawan da suke, kafin a yi zancen sauka. Wannan sai da magana. Kuma kun san asibitocinmu, kowane gado da masu jinya biyu ko uku, ga 'yan dubiya. In ƙararrawa ta ɓarke ba bayani, su za su fara cika hanya, wani ya cire wa mahaifiyarsa ƙarin ruwa ya saɓe ta a kafaɗa. Na fi son a fara sanar da ma'aikata, sannan murya mai natsuwa ta gaya wa sauran abin da za su yi.

Ladan:
Ni tambayata ga Injiniya ita ta. Garin ga babu unguwar da ba ta da lasifika. Ta masallacinmu shekara da shekaru tana aiki, da anfilifaya da batir da sola. Yaro in ya ɓace da ita muka shela, rasuwa ma haka. Mi ah hana Alhaji shi sai irinta, da ba ta kai rubu'in wanga kuɗi ba?

Injiniya:
Allah ya gafarta Malam, tambaya ce mai kyau. Bambancin yana wuri uku. Taku in ta lalace, da asuba za ku sani, don sau biyar kuke taɓa ta kullum. Ta gobara tana iya shekara ba a yi magana da ita ba, shi ya sa aka ƙera ta tana duba kanta: in ɓera ya ci waya, ko batir ya yi sanyi, ko lasifika ɗaya ta mutu, fitila za ta kama a uwar na'ura ta yi ƙara. Na biyu waya. Wayar da muke ja a gidaje robarta narkewa take yi cikin ɗan lokaci, ita kuwa wannan mai jure wuta ce, har maƙalanta na ƙarfe ne don kada ta zubo. Na uku batir nata na kanta. Ƙa'idar Ingila mai lamba BS 5839, kashi na 9, wadda ta shafi akwatunan maganar nan, ta nemi batir ya riƙe awa 24 babu wutar lantarki, sannan ya iya awa 3 ana magana. Abu na farko da ake yi in gobara ta tashi shi ne kashe wutar lantarkin gini, kun ga kuwa ba a dogara da layin gidan.

Amma ban raina shawararku ba. A kasuwa, a tasha, a makarantar allo, lasifikar masallaci da ƙaramar lasifikar hannu suna iya ceton rai, in an san wa zai ɗauka da abin da zai faɗa. Da babu gara ba daɗi.

Malamin Tsangaya:
Wannan ta ƙarshe ita ta shafe mu. Tun da aka yi gobarar Ƙauran Namoda a watan Fabrairun 2025, almajirai 17 suka rasu cikin dare, ban ƙara barci da daɗi ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Mu ba mu da kuɗin na'ura. Na dai hana tara kara kusa da ɗakin kwana, na sa gardi ɗaya yana kwana a bakin kowace ƙofa. Lasifikar hannun nan zan nema in sha Allahu.

Uwar Ɗakin Kwanan 'Yan Mata:
Ni tsorona daban ne. Yara ɗari biyu suna barci, murya ta fito daga silin ta ce gobara. Wallahi turmutsutsun da za a yi a bakin ƙofa sai ya fi wutar ɓarna. Ba gara a tashe su a hankali ɗaki-ɗaki ba?

Baba Kwana-kwana:
Hajiya, na fahimce ki, amma abin da na gani da idona ya saɓa. Ba jin gaskiya ke sa mutane tattake juna ba. Jin ta a makare ne, lokacin da hayaƙi ya riga ya shigo, kowa ya nufi ƙofa ɗaya, ƙofar kuma da kwaɗo. Wanda aka gaya wa da wuri, aka nuna masa hanya, tafiya yake yi. In kina tashin su ɗaki-ɗaki, kafin ki kai na biyar hanyar ta rufe.

Ki bar ni in tambaye ki, kuma ba don in kunyata ki ba. Da dare ƙofar ɗakin kwanan a kulle take? Makullin yana hannun wa? Tagogin da ƙarfe?

Uwar Ɗakin Kwanan 'Yan Mata:
A kulle take, Baba. Da halin tsaron da ake ciki ba yadda za mu yi, iyaye ma haka suke so. Makulli yana wurina. Tagogi duk da ƙarfe.

Baba Kwana-kwana:
Ban ga laifinki ba, kowa ya san abin da ake gudu. Amma akwai makullin da daga waje ba ya buɗuwa, daga ciki kuwa turawa kawai ake yi. Ku kai wa hukumar makaranta wannan kafin zancen kowace lasifika. A kowane ɗaki kuma a sami taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗewa daga ciki. Murya ba ta buɗe kwaɗo. Sannan ku riƙa gwaji kowane zango, har da na dare, yaran su saba da muryar da hanyar.

Ɗan Babbar Kasuwa:
To na ji, na sauko kaɗan. Amma da wane harshe abin zai magana? Waɗanda ni ji wani otal Abuja Turanci sukai, irin na hanci. Tsohuwa ta taho daga Gwadabawa ko Wurno gwajin jini, mi za ta fahimta?

Injiniya:
Nan ne ake yawan yin kuskure. Na'urar tana zuwa da saƙon Turanci, amma ana iya naɗa wani a sa mata. Alhaji ya sa a cikin yarjejeniya cewa da Hausa za ta fara, Turanci ya biyo, tunda akwai baƙi masu haya. Gajere, ana maimaitawa. Misali: "Jama'a a saurara. An samu gobara a cikin wannan gini. Kowa ya fita yanzu ta matakala mafi kusa. Kada a tsaya ɗaukar kaya. A taru a filin gaba." Kafin saƙon akwai ɗan sautin jan hankali. Kuma a gwada a ji ko kalmomin suna fita, don matakalar siminti da tayil amsa-kuwwa take yi, ƙara ta yi yawa amma ba a gane komai. Gara ƙananan lasifiku da yawa da babba guda.

Ladan:
Ni da za a bi tawa, a fara da sallama ko salati. Mutanenmu in sunka ji sunan Allah hankalinsu na kwantawa.

Malamar Jinya:
Allah ya gafarta Malam, ina jin tsoron kada a ɗauka wa'azi ne ko sanarwar ɗaurin aure, a ci gaba da hira. In kuma aka fara da salati da ƙarfi, mata za su ɗauka an riga an mutu. Ni dai a fara da "gobara", addu'a kowa zai yi tasa a hanya. Kada kuma a manta da kurame, a haɗa da fitila mai walƙiya, musamman a banɗaki da ɗakin kwana.

Ladan:
Akwai hikima ga zancenki, Malama. Amma ban bar nawa duka ba. Kalma biyu ba su cin lokaci.

Baba Kwana-kwana:
Wannan ku daidaita. Ni abin da ya fi damuna shi ne mai riƙe makirfon. Ranar 11 ga Satumban 2001 a New York, bayan jirgi ya daki bene na farko, an yi sanarwa a na biyun cewa ginin lafiya yake, mutane na iya komawa ofis. Wasu da suka fara sauka suka koma. Mintuna kaɗan jirgi na biyu ya zo. Mutane suna yi wa murya biyayya, alherinta ke nan, haɗarinta ma ke nan. Alhaji, in mai gadinka ne zai zauna gaban na'urar, a koya masa, a rubuta masa abin da zai faɗa a liƙa a bango. Kada ya ce an shawo kanta sai ɗan kwana-kwana ya ce. Kuma in ya tafi sallah ko cin abinci, wa ke wurin? Malam mai keke in ya danna ba a amsa ba, gara ma ba a sa akwatin ba.

Mai Gyaran Sola, Runjin Sambo:
Ku ba ni dama in sa baki ta fannina. Batir da zafin Sakkwato ba sa shiri. Irin batirin da ke cikin waɗannan na'urori an auna rayuwarsa ne a zafin digiri 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansa. Mu kuwa watan Afrilu muna haura 40 a inuwa. Wanda takarda ta ce zai shekara huɗu, kada ka jira shi ya kai. A sa uwar na'urar inda iska ke shiga, ba ɗakin mai gadi mai rufin kwano ba. Ga ƙurar hunturu, tana shiga na'urar jin hayaƙi ta sa ta kuka ba dalili. In ta yi haka sau uku, wani zai zare mata waya, shi ke nan an koma gidan jiya. Sai an riƙa share su, ana gwada abin duk mako a rana ɗaya da kowa ya sani.

Kuma Alhaji, ina za ka ajiye inbata da batiran ginin? Don Allah kada a ce ƙarƙashin matakala, don nan kowa ke cusa su. Gobarar Afriland Towers a Legas, watan Satumban 2025, daga ɗakin inbata na ƙarƙashin gini ta tashi, hayaƙi ya bi ya cika sama, aka rasa rayuka.

Mai Gini a Mabera:
Malam, kamar ka ga zanen. Ƙarƙashin matakala aka ware musu.

Ga inda na tsaya bayan na karanta komai. Inbata za ta koma ɗaki na daban a bayan gini. Lasifikun zan sa, da saƙon Hausa, tunda akwai masu kwana a sama. Akwatin bakin matakala ma zan sa a kowane hawa, maganar Malam mai keke ba za ta bar ni in cire shi ba. Jan tarhon 'yan kwana-kwana ne nake tunanin bari, tunda ginin ba shi da tsawo sosai, sai dai in Baba ya ce a'a. Tayil ɗin waje da na yi niyya zai jira. Abin da ya rage mini, matakala ɗaya ce a zanen, kuma a buɗe take babu ƙofa. An riga an zuba dakin na biyu, wato rufin kankare. Akwai abin da za a iya yi yanzu?

Baba Kwana-kwana:
Tarhon kana iya bari, a gini irin naka muna jin juna. Matakalar ce ba za a bari ba. Ana iya kewaye ta da bulo a sa ƙofar wuta mai rufe kanta a kowane hawa, a kuma fitar da ta ƙarfe ta baya in akwai fili. Kada a yi filasta tukuna. Ka kai zanen ofishin 'yan kwana-kwana su duba, ni ma gobe bayan la'asar ina Mabera wurin jikokina, sai in biyo in gani da idona. Ka ce wa yaron naka ya zo da tef.

Mai Keken Guragu:
Baba, in ba damuwa ni ma zan zo. A auna filin da kekena a ciki.